Tashar shantin a kan katako ɗaya: aikin Asabar da Lahadi ga masu ƙananan jiragen ƙasa

Duk inda masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa suka taru ran Asabar, ba tuƙi ne ke cinye musu yini ba. Kan jirgi ne zai zo daidai mararraba ya tsaya cik, fitilarsa ta ɗauke. Wani ya miƙa yatsa ya ɗan dungure shi, sai ya zabura kamar an tsikare shi, ya je ya daki taragon da ke gabansa. Ko kuma tarago ɗaya tak ya riƙa sauka daga dogo a wuri guda, sauran bakwai suna wucewa lafiya lau. Nan za a zagaye teburi ana musu, wannan ya ce inji ne, wancan ya ce datti ne. Galibi kuwa laifin yana ƙasa, a yadda aka shimfiɗa dogon da yadda aka ba shi wuta tun ranar farko.

Shi ya sa aikin da ya fi koya wa mutum hannu shi ne ƙaramar tashar shantin, wato filin da ake rarraba taragai ana jera su, inda jirgi ba ya gudu sam. Gudu yana rufa wa mummunan dogo asiri, domin jirgi mai sauri yakan tsallake wurin da babu wuta kafin motarsa ta ankara. Tafiyar hawainiya ce ke tona komai.

Abin da za a gina

Tsarin da za mu bi shi ne wanda ake kira Inglenook, wanda wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1970. Layi ɗaya ne na shiga, mararraba biyu, da layukan ajiya uku masu toshe a ƙarshe. Dogon layin yana ɗaukar tarago 5, gajerun biyu kowanne 3. Layin shiga, wato inda kan jirgi ke ja da baya ya sauya hanya, yana ɗaukar kan jirgi da tarago 3, ba ƙari. Taragai 8 ne a filin, a zaɓi 5 da ƙuri'a, a jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta bayar. Jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720, don haka ba a gajiya da shi da wuri.

Ma'auni biyu ne suka fi dacewa. HO yana rage girman jirgi sau 87, OO na Ingila kuma sau 76, amma dukansu a kan dogo mai faɗin milimita 16.5 suke tafiya. Akwai N mai faɗin milimita 9, wanda zai shiga rabin wurin, sai dai kan jirginsa ba shi da nauyi, ƙura kaɗan ke tsayar da shi, ƙugiyoyinsa kuma suna wahalar da yatsu. Mai farawa ya tsaya a kan 16.5.

A auna taragai kafin a yanka katako

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka katako sannan a nemi cusa tsarin a kai. Taragai ne ke faɗin tsawon teburi. Haɗa biyar da ƙugiyoyinsu, ja su har ƙugiyoyin su miƙe, ka auna da rula. Gajeren tarago mai ƙafa huɗu na OO yakan kai santimita 9 har da ƙugiya, biyar ke nan 45, uku 27. Ƙaramin kan jirgin shantin wajen 12, don haka layin shiga 40. Gajeriyar mararraba ta kamfanin Peco, samfurin Setrack, tsawonta milimita 168. Idan ka tara, ka ƙara ratar da tarago ke buƙata don kada ya gogi na layin kusa, komai zai zauna a kan santimita 120 da faɗin 30. Amma in taragan Amurka ne na HO masu tsawon ƙafa 40 a zahiri, kowanne wajen santimita 15 ne, sai ka nemi 180. Wanda ba shi da wannan wuri ya rage tsarin zuwa 3, 2, 2 da tarago 5, a jera 3. Jeri 60 kawai yake bayarwa, amma ya isa yara da baƙi.

Tsawon layukan nan shi ne wasan gaba ɗaya. Idan gajeren layi ya ɗauki huɗu a matse, wani zai cusa na huɗun, kuma wasan ya lalace. Kowane layi ya ɗauki adadinsa da ƙarin kamar rabin tarago, kada ya kai ɗaya. Kuma taragan takwas tsawonsu ya zo kusan ɗaya, launinsu ya bambanta yadda za a gane su daga nesa.

Asabar ta farko: teburi

Filawud mai kaurin milimita 9 ya isa saman. Ƙarƙashinsa a yi firam da katako mai kaurin milimita 18 da tsayin 70, da sanduna na gicciye duk bayan santimita 30 zuwa 40. A sa gam sannan a ɗaure da sukuru. Kafin ka kafa sandunan gicciyen, ɗora mararrabobin a saman ka zana inda suke, domin ba abin takaici kamar a zo huda ramin waya a tarar da sanda daidai ƙarƙashin mararraba. Ka huda kowace sanda rami biyu na milimita 10 don wayoyi su bi. A shafa wa katakon fenti ko banish ciki da waje. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma motsinsa ya fi na ƙarfen dogo yawa. Wanda aka shafa wa gefe ɗaya kawai shi ke bankarewa.

Lebur a nan ba ado ba ne. Taragon da ƙafafunsa ke juyawa da kyau zai gangara da kansa a kan karkatar da ido ba ya gani, ka ajiye shi a tsakiyar layi ka waiwayo ka gan shi a kan mararraba. Ɗora ma'aunin lebur a tsawo da faɗi, kuma in teburin zai riƙa yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, sa masa ƙafafu masu zare da ake murɗawa. A ƙarshen layin shiga a kafa ɗan katako mai tsayin santimita 5 ko fiye. Faɗowar kan jirgi daga tsayin ƙugu zuwa daɓe sau ɗaya take.

Shimfiɗa dogo

Wasu kan manna shimfiɗa mai kaurin milimita 3 ta ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, don rage ƙara da ɗaga dogo. A filin shantin ba dole ba ne, domin a tashoshin gaske ma layukan ajiya kusan a ƙasa suke kwance.

Daga mararraba ake farawa, ba daga ƙarshen layi ba. Haɗa biyun, daidaita su da zanen, sannan layuka su fito daga jikinsu. Dogon da ake lanƙwasawa yana zuwa da tsawon milimita 914. Ana yanka shi da filayar yankan dogo ko zarto mai ƙananan haƙora, kuma duk yankan da aka yi sai an bi bakinsa da ƙaramin magagari, sama da gefen ciki da ƙasa. Ɗan ƙarfen da yanka ya bari, wanda farce kaɗai ke ji, ya isa ya ɗaga leɓen ƙafar tarago, wato bakin nan na ciki da ke riƙe ta a kan dogo. Kada a haɗa dogo mai lamba 100 da mai lamba 75 kai tsaye. Lambar tsayin ƙarfen ce: 100 na nufin milimita 2.5, 75 kuwa 1.9, haɗa su yana barin tudu a mahaɗa.

Wajen sa mahaɗin ƙarfe, ka duba da ido cewa ƙafar dogon ta shiga cikinsa ne, ba ta hau kansa ba. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma daga sama ba a gani. Bi da yatsa: in ka ji mataki, zare ka sake. A bar ratar rabin milimita a mahaɗa ɗaya ko biyu. Mita ɗaya na ƙarfen dogo yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita idan zafi ya hau da digiri 20, ga kuma tsukewar katako, in babu inda zai miƙe sai ya tanƙware gefe.

In da ƙusa za ka kafa, huda silifa, wato 'yan katakan da ke kwance ƙarƙashin ƙarafan, da bakin huda na milimita 1 tukuna, kuma kada ka buga ƙusar har ta danne. Bar ratar kaurin takarda. Ƙusar da ta nutse tana lotsa tsakiyar silifa, ƙarafan biyu su sunkuyo ciki, faɗin dogo ya ragu. Mararraba kuwa ba a kafa mata ƙusa kusa da harsunanta, wato siraran ƙarafan nan biyu masu motsi da ke sauya hanya, layukan da ke jikinta sun isa su riƙe ta. Da ka gama, kwantar da kunci a kan teburi ka hango layin daga ƙarshensa, ko ka tsayar da ƙaramin madubi a kan dogo. Duk karyewar da ke mahaɗa za ta fito fili.

Wuta, inda yawancin rigima take

Hanya biyu ce. A tsohuwar hanya ta DC ana ƙara wa dogo wuta daga sifili zuwa volt 12, jirgi ya ƙara sauri. A DCC, tsarin da kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro kuma NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990, wuta wajen volt 14 zuwa 15 tana kan dogo koyaushe, wata 'yar na'ura da ke cikin kan jirgi, dikoda, ita ce ke karɓar umarni. Da yake kan jirgi ɗaya ne ke aiki a nan, DC ta wadatar, amma DCC ta fi daɗin tafiyar hankali, saboda cikakkiyar wuta ta fi ratsa ɗan datti fiye da volt 3.

Duk mararrabobin suna fuskantar gefe ɗaya, don haka a ƙa'ida waya biyu a layin shiga sun isa. Zai yi aiki wata uku ko shida. Bayan nan mahaɗan ƙarfe su saki, gam ɗin tsakuwar da za a zuba a jikin dogo ya shiga tsakaninsu, layi ɗaya ya mutu. Gara tun yanzu kowane yanki na dogo ya samu wayarsa. Ja manyan wayoyi biyu masu kaurin murabba'in milimita 1 a ƙarƙashin teburi daga farko zuwa ƙarshe, ja da baƙa. Daga kowane yanki a sauko da siraran wayoyi, kada tsawonsu ya wuce santimita 20, ta ramin milimita 2. Ka tsayar da doka ɗaya, misali baƙa ga ƙarfen da ke kusa da kai, ja ga na nesa, ka rubuta ta da alƙalami a jikin firam. Wutar gida kuwa ba ta da hurumi a ƙarƙashin teburin nan, ta tsaya cikin adaftarta a rufe.

Liƙa waya a jikin dogo yana son sauri. Kankare wurin da magagari har ya yi haske, a gefen waje ko a ƙasa, ban da gefen ciki inda leɓen ƙafa ke bi. Shafa dalma a jikin dogon daban, a bakin wayar daban, sannan ka haɗa su ka taɓa da ƙarfen dalma mai watt 25 zuwa 40 na daƙiƙa biyu ko uku. Ƙarfen da bai yi zafi sosai ba shi ke narka silifa, domin yana sa ka daɗe a wurin. Jiƙaƙƙiyar auduga a gefe da gefe tana tsare robar. A yi amfani da dalmar masu gyaran rediyo, ban da man liƙi mai asid na masu famfo, wanda ke cin ƙarfe a hankali. In ta huce, ja wayar da ɗan ƙarfi. Wadda za ta cire gara ta cire yau.

Sai zuciyar mararraba, wurin nan mai siffar V inda ƙarafa biyu ke gicciye. Sunansa a Turance yana nufin kwaɗo, mu ma sai mu kira shi haka. Akwai kwaɗon roba, wanda Peco ke kira Insulfrog: ba ya buƙatar komai, amma babu wuta a kansa, kuma gajeren kan jirgi mai ƙafa huɗu yana iya mutuwa a wurin idan ɗaya ƙafar ta ɗan ɗaga. Akwai kwaɗon ƙarfe, Electrofrog, mai wuta, wanda shi ya dace da shantin, sai dai da sharaɗi. Wutar kwaɗon tana juyawa duk lokacin da aka sauya hanya. Don haka muddin ka ba layukan da ke bayansa wayarsu, dole ka sa mahaɗin roba a ƙarafa biyun da suka fito daga V ɗin. In ka manta, da zarar an juya mararrabar wuta za ta haɗe, komai ya ɗauke.

Barin harsunan mararraba su ɗauko wa kwaɗo wuta ta hanyar taɓa ƙarfen gefe shi ma na ɗan lokaci ne, ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta raba su. Gyaran da ke daɗewa yana da mataki uku, kuma kafin a kafa mararrabar ake yinsa. A yanke 'yan wayoyi biyun da ke ƙasa masu haɗa harsuna da kwaɗo. A liƙa gajeriyar waya tsakanin kowane harshe da ƙarfen gefensa. Sannan wayar kwaɗo ta sauko zuwa ƙafar tsakiya ta ƙaramin makunnin turawa mai ƙafa uku, ƙafafun gefe su tafi ja da baƙa. Abin daɗin shi ne makunnin nan zai iya tura mararrabar ma: huda kansa, sa wayar ƙarfe mai tauri ta milimita 1, ɗaya bakin ya shiga sandar da ke jan harsuna, tare da ɗan lanƙwasa mai siffar Z a tsakiya don ya shanye rarar motsi. Turawa ɗaya, hanya ta sauya, wuta ta bi ta. Idan kan jirgi ya hau kwaɗo wuta ta ɗauke, musanya wayoyin gefen biyu, shi ke nan.

Gwaji kafin gam

Da mitar gwajin wuta, kafin a jona komai, tabbatar ja da baƙa ba sa taɓa juna a kowane matsayi na mararrabobin. A DCC akwai gwajin tsaba: ɗora kuɗin ƙarfe a kan ƙarafa biyu a ƙarshen kowane layi. Na'urar ta yanke wuta nan take. In ta yi jinkiri ko ta ƙi, wayar wurin ba ta da kyau, kuma ranar da tarago ya sauka ya haɗa wuta a nan, zafi ne zai taru har roba ta narke.

Sannan a saki kan jirgi shi kaɗai, a mafi ƙarancin tafiyarsa, ya shiga kowane layi gaba da baya, a juya fuskarsa a sake. Saurin shantin na gaske, kamar kilomita 15 a awa, a wannan ma'auni santimita 5 ne a daƙiƙa, wato rula mai santimita 30 a cikin daƙiƙa 6. Wanda ya saba da jirgi mai zagaye zai ga kamar wasa ake. Bari dogon ya yi mako guda ana gwada shi a haka. Lahadin farko ba ta tsakuwa ba ce.

Ƙafafu, nauyi da ƙugiya

Wannan makon na taragai ne. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafafu biyu na sanda ɗaya ta zama milimita 14.4 zuwa 14.5. In ta gaza, ƙafa tana maƙalewa a ƙarfen kariya, wato gajeren ƙarfen da ke daura da kwaɗo, tarago ya yi tsalle. In ta wuce, leɓen ƙafa yana dukan tsinin kwaɗo ya bi hanyar da ba tasa ba. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa don wannan, kuma ana gyarawa ne da murɗa ƙafar a hankali a kan sandarta. Ko sabon tarago daga kwali a auna shi.

A shantin rabin aikin turawa ne, kuma tarago marar nauyi da aka sa tsakanin masu nauyi shi ake matsewa ya fita. Shawarar NMRA ga HO ita ce gram 28, da ƙarin gram 14 a kan kowane inci na tsawo, wato tarago mai santimita 15 ya kai wajen gram 113. Ga gajerun taragan OO wannan lissafi ya yi yawa, gram 40 zuwa 50 ya wadatar. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne su zo ɗaya, kuma nauyin ya zauna ƙasa a tsakiya.

Ƙugiya iri ɗaya za a sa wa kowa, a tsayi ɗaya. Ta kamfanin Kadee tsakiyarta milimita 9.9 ne daga saman dogo, kuma ɗan ƙarfen da ke lilo ƙarƙashinta ya tsaya kamar milimita 0.8 sama da dogo. In ya sauko ƙasa da haka, shi ne zai kama a mararraba ya tsayar da jirgi kamar an taka birki. Ana kwance ta da maganaɗisun da aka binne a layin shiga, amma a kula: tarago mai sandar ƙafa ta baƙin ƙarfe yana biyo maganaɗisu da kansa, ya sake ƙullewa. Da yawa daga tsofaffin hannu sun fi son siririn tsinke mai tsini, a soka tsakanin ƙugiyoyi biyu a murɗa. Ba ya lalacewa, sai dai yakan ɓace, a ajiye uku.

Asabar ta biyu: tsakuwa

Fenti gefen ƙarafan da launin tsatsa in kana so, ka goge saman tun fentin yana ɗanye, kada ya taɓa inda harsuna ke haɗuwa da ƙarfen gefe. Tsakuwar da aka rubuta wa HO sau da yawa takan yi girma a ido, ta N ta fi kama da gaskiya. Zuba da ƙaramin cokali, baza da burushi mai laushi har ta zo daidai saman silifa, sannan ka ƙwanƙwasa dogon da bayan cokalin, ƙwayoyin da suka hau silifa za su gangara da kansu. Yi santimita 30 a lokaci guda.

Busasshiyar tsakuwa ba ta shan gam, sai ya dunƙule a kanta ya kwashe ta. A fara jiƙa ta da sifirit na isopropyl, ana ɗigawa daga gefe. Sannan farin gam na kafintoci, wato PVA, rabi gam rabi ruwa da ɗigon sabulun ruwa ɗaya, a ɗiga da sirinji har ya fito fari tsakanin ƙwayoyin. Kada a taɓa, komai munin da ya yi. Awa 24 zuwa 48 yake so. Kusa da sandar harsuna ba a zuba tsakuwa sam, a shafa fenti mai launinta a ƙasa, kuma a riƙa motsa mararrabar lokaci lokaci a awannin farko don kada gam ya kama ta. Bayan ya bushe, bi gefen ciki na kowane ƙarfe da bakin ƙaramin sukurudireba, ka kaɓe duk ƙwayar da ta manne, ka duba ramin kwaɗo, sannan ka goge saman dogo.

Ranar wasa

Yi kati 8, kowanne da hoton tarago ko launinsa. A fara da biyar a dogon layi, uku a gajere ɗaya. A cakuɗa katunan a zaro biyar a jera. Kafin a taɓa na'urar tuƙi a yi ittifaƙi: katin farko shi ne na jikin tokaren da ke toshe ƙarshen layi ko na jikin kan jirgi? Rabin gardamar da ake yi a bakin teburin nan daga rashin faɗin wannan take. Dabarar ita ce a fara tunanin yadda za a kwashe dogon layin, a kai wanda zai zauna can ƙurya, sannan a lura kada a binne na biyu a bayan taragai ukun da ba a buƙata. Mutum biyu sun fi daɗi, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana juya mararraba yana kwance ƙugiya, direba ba ya motsi sai an ba shi hannu. Ƙirga yawan zuwa da komowa ya fi ƙirga minti, domin agogo yana sa mutane gudu.

Kafin baƙi su iso a goge dogo da tsumma marar gashi da sifirit. Baƙin dattin da ke fitowa yawancinsa daga 'yan tartsatsin da ke tashi tsakanin ƙafa da dogo ne. Ƙafafun kan jirgi kuma, shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan dogo, ɗora rabin ƙafafun a kai, rabi a kan ƙarfe, riƙe shi ka ba shi wuta su juya. Ban da sandfefa, tana barin ƙarce da ke tara datti. Ban da soson ƙarfe, maganaɗisun mota yana zuƙe burbushinsa. Mai kuwa sai wanda aka yi don roba, ɗigon bakin allura a kan giya. Wasu kan ɗan goga fensir 2B a saman dogo bayan shara, kuma a fili mai lebur irin wannan yana taimakawa.

Baƙo yakan zo da kan jirginsa a aljihu. Tambaye shi ko da dikoda a ciki kafin ya ɗora. Na DC a kan dogon DCC yana tsayawa yana kuka siriri, motarsa na zafi, kuma tana iya ƙonewa. In kuma da dikoda, sabuwa daga masana'anta lambarta 3 ce, taka ma in ba ka sauya ba 3 ce, sai ka murɗa su tashi tare, ɗaya ya nufi tokare. Ana sauya lambar a CV1, wato gurbin saiti na farko a cikin dikoda, kowace daga 1 zuwa 127, a kan keɓaɓɓen layin saiti. Yayin da kake wurin, ɗaga CV2 kaɗan kaɗan har kan jirgi ya fara motsi a matakin farko, ka sa ƙaramin adadi a CV3 da CV4 don tashi da tsayawa su yi laushi. Adadi mai yawa a CV4 yana sa ka rufe wuta jirgi ya ci gaba da tafiya, a teburi mai santimita 120 kuwa babu filin wannan.

Idan tarago ya sauka, kada a mayar da shi kawai a ci gaba. Manna ɗan tef a gefen dogo daidai wurin, ɗan tef kuma a ƙarƙashin taragon. Kafin yamma hoton zai fito: tef uku a wuri ɗaya da taragai daban daban, laifin dogo ne. Tef uku a tarago ɗaya, a fitar da shi a auna ƙafafunsa da tsayin ƙugiyarsa. Ka kuma tuna inda tarago ya faɗi ba lallai nan ya fara hawa ba, leɓen ƙafa yakan hau kan ƙarfe ya yi tafiyar santimita 10 ko fiye kafin ya sauka. Tura shi da yatsa a hankali ta wurin, idonka daidai da dogo, fitila a bayansa. In kuma kan jirgi ne ya tsaya, kafin kowa ya dungure shi, taɓa bakin sukurudireba tsakanin ƙarfen dogo da kowace ƙafa bi da bi. Ƙafar da ka taɓa fitila ta kawo, ita ce ba ta ɗaukar wuta: ko datti a inda take taka dogo, ko ta ɗan ɗaga daga kansa. In babu wadda ta kawo, duba bayan ƙafar: ko datti a nan, ko siririn jan ƙarfen da ke gogar ta ya saki, sai a ɗan lanƙwaso shi da matsefata ya koma ya kwanta a jikinta.